Majinginin Kai da Ya Ƙi Fita: Nazarin Lamarin Wata Tsohuwar MGB

Motar da yadda majinginin kai ya shigo cikinta

Motar da wannan nazari ya shafa MGB ce ƙirar 1973, mai kujera biyu da rufin tamfol da ake naɗewa, ɗaya daga cikin ƙananan motocin gudu da aka riƙa haɗawa a garin Abingdon na ƙasar Ingila tun daga 1962 har zuwa Oktoban 1980. A tsawon waɗannan shekaru an ƙera fiye da rabin miliyan, kuma mafi yawansu Arewacin Amurka aka kai, abin da ya sa dokokin Amurka suka yi ta sauya siffar motar shekara bayan shekara. Wannan ma tana cikin waɗanda aka tsallakar, kuma a can take har yanzu.

MGB ta farkon shekarun 1960 ba ta da majinginin kai ko kaɗan. Bayan kujerarta gajere ne, a wajen kafaɗa yake tsayawa, ta yadda idan aka naɗe rufin aka dubi motar daga gefe babu abin da ya tsero sama sai gilashin gaba. A 1966 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar kiyaye lafiyar masu shiga mota, daga cikinta kuma aka fitar da ƙa'ida mai lamba 202, wadda ta wajabta sa majinginin kai a kujerun gaba na gefe a duk motar fasinja da aka ƙera daga ranar 1 ga Janairu, 1969. Dalilin ƙa'idar shi ne abin da ke faruwa idan aka bugi mota daga baya: kujera tana tura gangar jikin mutum gaba farat ɗaya, kansa kuwa yana nan inda yake na ɗan lokaci saboda nauyinsa, sai wuya ya lanƙwashe baya sannan ya fizgo gaba. Aikin majinginin shi ne ya tari ƙeya da wuri domin kai da gangar jiki su tafi tare.

A irin kujerar wannan mota, majinginin yana kan sandar ƙarfe guda ɗaya mai ɗan faɗi, wadda ta shiga cikin bayan kujera ta wani rami da aka yi wa zobe a saman rigar kujerar. Daga waje ba a ganin maɓalli ko wani abin dannawa irin wanda ake samu a motocin zamani. Iyakar abin da ido ke gani shi ne sanda da ramin da ta shiga.

Abin da mai motar ya sa a gaba

Mutumin da ya sayi motar ya saba da ƙananan gyare-gyare, yana canza baƙin mai da birki da hannunsa, amma bai taɓa buɗe kujerar mota ba. Motar ta shafe shekaru a ajiye a wani gareji mai danshi kafin ta zo hannunsa, kuma tamfol ɗin rufinta ya yage ta ɓangaren fasinja, don haka ruwa ya daɗe yana ɗiga a kan kujerar wannan gefe. Ledar kujerun biyu ta tsattsage, soson ciki ya mutu har yana zuba kamar gari.

Buri biyu yake da su. Na farko shi ne sauya rigunan kujerun da sosonsu, wanda ba zai yiwu ba sai an cire majinginan, domin rigar bayan kujera ta sama ake zare ta kamar rigar matashi, sandar kuwa ta ratsa ta tsakiyarta. Na biyu shi ne idan sun fita kada su koma, saboda yana son motar ta yi kama da ta shekarun 1960, kuma cikin kayan da aka haɗa masa da su akwai shimfiɗar tamfol da ake rufe kujeru da ita idan an naɗe rufi, wadda aka ɗinka a miƙe, ba ta da aljihunan da majinginan za su shiga. Da majinginan a tsaye, maɓallan shimfiɗar ba sa kaiwa inda za a maƙala su.

Halin majinginan biyu ya bambanta tun ranar farko, ko da yake a lokacin bai ɗauki bambancin da muhimmanci ba. Na direba yana hawa yana sauka da ɗan ƙarfi, sai ya kai wani tsayi ya tsaya cak da ƙarar ƙarfe. Na fasinja kuwa ba ya motsi sam, yana can ƙasa manne da saman kujera.

Makon farko: ja da ƙarfi

Ya fara da kujerar direba tana cikin mota. Ya durƙusa a kanta, ya kama majinginin da hannu biyu, ya riƙa fizga sama. Duk fizgar da ya yi sandar takan hau ta tsaya a wuri guda, da ƙara iri ɗaya. Ya yi haka kamar sau ashirin a yammacin ranar, yana zaton tsatsa ce ta taru a ƙarshen sandar kuma maimaitawa za ta goge ta.

Kashegari ya kawo ɗan guntun katako mai tsawon kusan mita ɗaya, ya sa gefe guda a ƙarƙashin majinginin, ya ɗora tsakiyarsa a kan wani katako da ya ajiye a saman kujera, ya danna ɗaya gefen kamar mai ɗaga dutse. Sandar ba ta ƙara ko milimita ɗaya ba, amma saman kujerar ya lotsa a inda katakon ya danna, kuma zoben bakin ramin ya fita daga ledar ya bar yagewa mai tsawon santimita huɗu. Wannan asarar ba ta dame shi ba tun da dama rigar za a zubar.

A kujerar fasinja ne ƙarfi ya yi ɓarna ta gaske. Da yake babu sararin da zai sa katako, sai ya rungumi majinginin ya riƙa murɗa shi hagu da dama yana ja. A karo na biyar ko na shida ya ji abu ya saki, ya ɗauka an yi nasara, ashe kan majinginin ne ya soma rabuwa da sandarsa: farantin da ke rufe ƙasansa ya tsage, ƙusoshinsa biyu sun tsinke daga mazauninsu, kan yana lilo a kan sandar da ba ta gusa ba. Daga nan ya dakata, domin ya ga cewa idan ya ci gaba zai tashi da sanda tsirara a cikin kujera, ba shi da inda zai kama.

Mako na biyu: man feshi, da shawarwari biyu da ya ƙi

Ya sayo man feshi mai sassauta tsatsa, ya riƙa fesawa ta bakin ramin kujerun biyu safe da yamma har kwana biyar. A kujerar direba sandar ta yi santsi sosai, har ta daina tsayawa inda aka ajiye ta, da an ɗaga an saki sai ta zame ƙasa, amma a sama tana tsayawa a daidai inda ta saba tsayawa. A kujerar fasinja babu abin da ya canza, sai dai wani tabo mai maiƙo da ya bayyana a jikin ledar, da warin mai da ya cika motar. Daga baya, da aka buɗe kujerar, aka ga cewa mafi yawan man tsohon soson ne ya shanye shi a cikin santimita biyu ko uku na farko, bai kai inda tsatsar take ba.

A wannan mako aka ba shi shawarwari biyu. Wani ya ce ya gasa sandar da wuta domin ƙarfen ya buɗe, kamar yadda ake yi wa notin da ya cije. Bai yi ba, saboda sandar tana kewaye da soso da leda waɗanda yanzu sun jiƙe da mai, kuma hayaƙin soson kujera idan ya kama wuta guba ne. Wani kuma ya ce tun da ba ya son majinginan, ya sa zarto ya yanke sandunan a daidai saman kujera, ya bar guntayen a ciki, sabuwar riga ta rufe su. Wannan ta fi jan hankalinsa, har ya ɗauko zarton, sannan ya fasa domin ya tuna cewa abin da aka yanke ba ya komawa, ga kuma guntun ƙarfe mai kaifi da zai zauna a ƙarƙashin leda a daidai gindin wuyan mai zama.

A ƙarshen makon ya kai hotunan kujerun wurin wani mai ɗinkin kushin da ya saba aikin tsofaffin motocin Ingila. Mutumin ya tambaye shi abu ɗaya: shin majinginin yana tsayawa ne a hankali, ko kuwa farat ɗaya da ƙara? Da ya ji amsar sai ya ce masa ya daina ja, ya fitar da kujerun daga mota, ya buɗe su ta ƙasa ya duba da ido.

Mako na uku: buɗe kujerar direba

Fitar da kujerar bai ɗauki minti ashirin ba. Kowace kujera tana kan dogo biyu da take gudu a kai, an ɗaure su da ƙusoshi huɗu a daɓen mota. Ya tura kujerar baya ya kwance na gaba da sifana mai inci 7/16, ya turo ta gaba ya kwance na baya. A ƙarƙashin dogon akwai siraran katakai da 'yan zobban ƙarfe da ke hana shi danne kafet, waɗanda ya tattara a leda ya rubuta gefen da kowanne ya fito. Wannan ɗan rubutu ya taimake shi wajen mayarwa, kuma abu ne da masu irin wannan aiki kan raina.

Ya kifa kujerar a kan tebur da ya shimfiɗa wa bargo. Ya kwance hannun da ake kwantar da bayan kujera da shi, ya ɓalle 'yan maƙalan ƙarfe da suka riƙe gindin rigar a jikin ƙashin kujera, ya kwance ƙananan ƙusoshin da ke riƙe gefunanta, sannan ya soma naɗe rigar sama a hankali yana raba ta da soson inda gam ya kama. A bayan rigar akwai wani kwali mai tauri da ya rufe ƙashin, shi ma ya cire. A nan ne ya fara ganin cikin kujerar, kwana goma sha biyar bayan fizgar farko.

Da ya haska tocila sai ya ga abubuwa biyu. Sandar tana gudu ne a cikin wani kwaroron ƙarfe da aka yi wa walda a jikin ƙashin kujera, kuma a kusa da samansa akwai wata 'yar rola da sifirin ke matsa ta a jikin sandar. Wannan rolar ce ke riƙe majinginin a tsayin da aka ajiye shi, da gogayya kawai, babu haƙora babu makulli, kuma ita ce man feshi ya jiƙa har ta daina kamawa. Abu na biyu yana can kusa da ƙarshen sandar: wani siririn harshen ƙarfe mai sifirin, gindinsa a manne da sandar, bakinsa ya buɗe yana kallon sama. Idan ana tura sandar ƙasa harshen yakan kwanta ya wuce, idan kuwa ana jan ta sama sai bakinsa ya tokari ƙarfen kwaroron. Masu ƙera kujerar da gangan suka sa shi, domin kada majinginin ya zare a hannun wanda ke daidaita shi ko a lokacin haɗari. Ƙarar da mai motar ya yi ta ji ta wannan harshe ce, kuma fizgar da ya yi ta riga ta ɗan lanƙwasa bakinsa waje, wato ta ƙara masa kamu.

Ya sauke sandar kamar santimita biyu domin harshen ya saki, ya sa sukundireba mai faɗin baki ya danne shi ya kwanta a jikin sandar, ya tura sandar sama da ɗaya hannun har harshen ya shige cikin kwaroron, sannan ya ja ta waje. Ta fita ba tare da wani ƙarfi ba. Aikin dannewa da zarewa bai kai minti biyu ba.

Domin ya tabbatar da abin da mai kushin ya gaya masa, cewa wanda ya san inda harshen yake ba ya buƙatar buɗe kujera, sai ya mayar da sandar ya gwada daga sama. Ya ɗauki tsohon ruwan zarton ƙarfe, ya goge haƙoransa, ya naɗe gefe guda da tef, ya zura shi a jikin sandar ta fuskar da harshen yake har ya shiga tsakanin harshen da kwaroron, sannan ya ja sandar da ruwan zarton tare. A gwaji na uku ta fita. Da ya zura ta ɗaya fuskar kuwa babu abin da ya faru, wanda ke nuna cewa dabarar tana aiki ne kawai idan an san gefen da harshen ke kallo, ko aka gwada fuskokin biyu da haƙuri.

Kwana huɗu a kan kujerar fasinja

Kujerar fasinja ma an buɗe ta haka, amma abin da ke ciki daban ne. Kwalin baya ya ruɓe, yana fita gutsure-gutsure. Ruwan da ya daɗe yana bin sandar ya sa tsatsa ta cika tsakaninta da kwaroron, ta kumbura ta haɗe su kamar ƙarfe ɗaya, kuma rolar ta daskare ba ta juyawa. Harshen yana nan can ƙasa, nesa da inda zai tokara, don haka ba shi da hannu a cijewar.

Ya cire soson gaba ɗaya daga saman ƙashin domin ƙarfen ya fito fili, ya kankare tsatsar da ke bayyane da buroshin waya, ya ɓamɓare rolar ya jefar. Sannan ya kifa kujerar, samanta a ƙasa, ya fesa man ta ƙasan kwaroron, ta yadda zai gangara cikin tsagar da kansa. Ya maimaita sau uku a rana, kuma bayan kowane feshi yakan ɗan bubbuga jikin kwaroron da ƙaramar guduma, ba don ya kori sandar ba, sai don girgizar ta farfasa tsatsar ta buɗa wa mai hanya. Ranar farko da ta biyu babu motsi. A rana ta uku mai launin ja ya soma ɗigowa ta ɗaya bakin kwaroron, alamar cewa ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan.

A rana ta huɗu ya tallafe ƙashin kujerar a kan katakai biyu, a kusa da kwaroron, domin bugu kada ya lanƙwasa bututun ƙashin. Ya ɗaure harshen a kwance da siririyar waya, ya ɗora guntun katako mai tauri a ƙarshen sandar, ya riƙa bugawa da guduma a hankali. Ya yi wa sandar alama da alli domin ya ga motsinta. Bayan bugu kamar goma sha biyu alamar ta gusa milimita biyu. Maimakon ya ci gaba, sai ya mayar da sandar inda ta fito, ya ƙara mai, ya sake korar ta, yana kai ta yana komo da ita, kowane zuwa tana ƙara nisa, har ta yi sakwa-sakwa ya kwance wayar ya zare ta da hannu. Wannan zama ya ɗauki kusan awa ɗaya. Ƙarfe a kan ƙarfe bai buga ba ko sau ɗaya, domin da bakin sandar ya baje da ba za ta bi ta kwaroron ba.

Wata guda babu majingini

Mai kushin ya karɓi aikin sabunta kujerun, amma ya ƙi ɗinke ramukan. Hujjarsa ita ce dokar tarayya a Amurka ta hana masu ƙera mota da dillalai da masu sana'ar gyara su kashe aikin wani kayan kariya da aka sa bisa ƙa'ida, sai dai na ɗan lokacin da motar ke tsaye ana gyaranta. Hanin bai hau kan mai mota da ke aiki a kan motarsa ba, ko da yake jihohi suna da nasu ƙa'idojin binciken mota. Ya ce zai sa rigunan da ramukansu da sababbin zobba, abin da mai motar zai yi bayan nan ruwansa ne. Haka aka yi. An yi wa ƙasusuwan fenti, an sa sabon soso da sabon kwali da sababbin roloji biyu, kuma kujerun suka koma mota bayan mako biyu, an toshe ramukan da 'yan murafan roba baƙaƙe.

Ya yi wata guda yana tuƙa motar a haka. Shimfiɗar tamfol ta kwanta lafiya, maɓallanta duk sun shiga, siffar motar daga gefe ta zama yadda yake so. Abin da ya soma damunsa shi ne tsayawa a fitilar hanya, inda yakan ga gaban manyan motocin zamani ya cika madubinsa, bambarsu a sama da but ɗin motarsa. A mako na uku ya sa wani ya auna shi yana zaune yadda ya saba tuƙi. Tsayinsa santimita 180 ne. Saman kujerar ya tsaya a ƙasa da gindin wuyansa, kuma sabon soson ya ɗaga shi kusan santimita uku fiye da yadda tsohon ke zaunar da shi, don haka wuyansa da kansa gaba ɗaya a sarari suke, babu komai a bayansu.

Ya kwatanta wannan da alƙaluman ƙa'idar. Ta 1969 ta nemi majinginin ya iya kaiwa aƙalla milimita 700 daga ma'aunin da ke wakiltar ƙugun mai zama. Wadda aka sabunta a Disamban 2004 ta ɗaga wannan zuwa milimita 800 a kujerun gaba, ta kuma ƙayyade cewa tazarar da ke tsakanin ƙeya da majingini kada ta wuce milimita 55. Ya kuma karanta binciken da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta fitar a 1982, wanda ya gano cewa majinginin da aka gina shi a jikin kujera ya rage raunin da ake samu a bugun baya da kashi 17 cikin 100, wanda ake ɗagawa da saukewa kuwa da kashi 10, saboda yawancin direbobi suna barinsa a ƙasa. Daga nan ya gane cewa ko yadda ya sayi motar, da majinginin fasinja a cije a ƙasa, ba daidai take ba, domin majinginin da ya tsaya a wuya maimakon ƙeya yana iya zama abin da kai zai lanƙwashe a kansa.

Mayarwa

A ƙarshen watan ya ɗauko majinginan. Ya goge sandunan da samfefa mai laushi har suka yi sumul, ya wanke su da sinadarin wanke birki domin kada ɗigon mai ya taɓa sababbin rolojin, ya miƙe harshen sandar direba da filaya zuwa yadda yake tun asali. Mai kushin ya sake ɗaure kan majinginin fasinja a kan sandarsa, ya sa masa sabon faranti. Giris bai shiga ko'ina ba sai ɗan kakin goge mota da aka shafa aka goge a ƙasan sandunan. Da aka tura su ciki an ji harsunan sun ɗana.

Ya ɗaga na direba zuwa ƙarshen hawansa, inda samansa ya kai daidai saman kunnensa. Tazarar ƙeyarsa da majinginin santimita tara ce, da ya ɗan miƙar da bayan kujera ta koma shida. Shimfiɗar tamfol kuwa ya kai wa mai kushin ya yanka ya ɗinka mata aljihu biyu.

Hukuncin marubuci a kan lamarin

Matsaloli biyu ne mabambanta suka zo da kama ɗaya, kuma mako biyu na farko sun tafi ne saboda an yi musu magani ɗaya. Sandar direba ƙirar kujerar ce ta riƙe ta, ta fasinja kuwa tsatsa ce. Alamar rarrabewa tana nan tun ranar farko: abin da ke motsi sannan ya tsaya a wuri guda da ƙara, wani abu ne aka sa ya tare shi, kuma ƙara ƙarfi sai dai ya lanƙwasa abin ko ya karya na kusa da shi. Man feshi ya gaza a mako na biyu saboda an zuba shi inda soso zai shanye, ya yi aiki a mako na uku saboda an zuba shi a kan ƙarfe, an ba shi kwana uku, an kuma bar nauyinsa ya kai shi cikin tsaga. A kujerar direba ma illa ya yi, domin ya kashe rolar da ba ta da laifi. A ganina shawara mafi kyau da mai motar ya yanke a dukan lamarin ita ce ajiye zarto, domin ita ta bar masa damar sauya ra'ayi bayan wata guda.

Game da barin motar babu majingini, ina fahimtar sha'awarsa, domin MGB da aka naɗe wa rufi ta fi kyan gani idan babu abin da ya tsero a saman kujerunta. Amma motar 1973 ba ta da jakar iska mai kumbura ta tari mutum a lokacin haɗari, ba ta da yawancin kariyar da direban yau ya saba da ita, kuma wannan ɗan majingini yana cikin kaɗan ɗin da take da su. Bai kai na zamani tsayi ba, kuma ko a ƙarshen hawansa tazarar santimita shida da aka samu ta ɗan zarce milimita 55 da ake nema a yau, sai dai tsakaninsa da rashinsa akwai nisa mai yawa ga wuyan wanda aka buga daga baya. Cire shi domin ɗinki ko fenti aiki ne na minti biyu ga wanda ya san inda harshen yake, kuma da wannan sani mai motar yana iya zare su ranar da ya kai ta wurin baje kolin tsofaffin motoci, inda take tsaye, ya mayar kafin ya hau hanya.

Haka yake yi yanzu. Ruwan zarton da ya goge wa haƙora yana cikin akwatin gaban motar, an naɗe shi da tsumma, kuma sau ɗaya a shekara yakan zare sandunan biyu ya duba ko tsatsa ta soma dawowa, musamman ta gefen fasinja, ko da yake an riga an sauya tamfol ɗin da ke ɗiga.